Dutsen Wilson da Madubansa: Amsa ga Malamin Fiziks a Kaduna

Malam, na karanta tambayarka, kuma abin da ya fi burge ni shi ne daga bakin ɗaliba ta samo asali. Ka ce kana koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma ranar da ka gaya wa 'yan aji cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, sai wata yarinya ta tambaye ka inda aka tsaya aka ga haka, da irin abin da aka duba da shi. Kai kuma ka ɗora naka guda biyu a kai: me ya sa masu nazarin taurari suke wahalar da kansu da hawa duwatsu, kuma shin duwatsun Kagoro za su iya ɗaukar irin wannan aiki? Amsar ɗalibarka ita ce Dutsen Wilson, wanda ke jihar Kalifoniya ta Amurka, yana kallon birnin Los Anjalas daga tsawon mita 1,740. Zan bi tarihin wurin, domin sauran amsoshin duk suna cikinsa.

Mu fara da batun hawa dutse, tunda a nan mutane da yawa suke yin kuskure, suna zaton ana hawa ne don a kusanci taurari. Wata ma, wanda ya fi komai kusa da mu, yana can a nisan kilomita 384,000, saboda haka hawan kilomita biyu bai rage komai daga tafiyar ba. Iska ake gudu. Ka tuna kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta da tsakar ranar bazara idan ka kama hanyar Zariya, yadda motar da ke gabanka take rawa kamar a cikin ruwa take. Iska mai zafi da mai sanyi ne suke cuɗanya, kowacce tana karya haske ta nata ɓangaren. Abin da ke sa taurari ƙyalƙyali da dare ke nan, kuma wannan ƙyalƙyalin da yake ba mu sha'awa shi ne babban abokin gaban mai na'urar hangen nesa, domin na'urar tana girmama rawar kamar yadda take girmama tauraron, sai hoto ya fito a dagule. Wanda ya hau dutse mai tsawo ya bar wani kaso na iskar a ƙarƙashinsa, tare da ƙura da hayaƙi da laima.

Dutsen Wilson yana da wata baiwa a kan wannan. Ruwan tekun Fasifik da ke gaɓar Kalifoniya mai sanyi ne, yana aiko da iska mai sanyi wadda take kwanciya a kwarin Los Anjalas, iska mai ɗumi kuma ta zauna a kanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Hayaƙin birni da hazon teku suna maƙalewa a ƙarƙashin wannan faifan, kan dutsen kuwa ya leƙo sama da shi, inda iska take tafiya a natse ba ta yamutsewa. A ganina wannan natsuwar iska ita ce dukiyar wurin ta gaskiya, kuma za ka ga ita ce ta rage masa bayan sauran abubuwan sun ƙare.

Ba shi ne na farko ba. Cibiyar Lick da ke Dutsen Hamilton, ita ma a Kalifoniya, ta fara aiki a 1888, kuma ita ake ɗauka a matsayin cibiyar farko da masana suka tare a kan dutse suna aiki rani da damina. Wanda ya kafa ta Dutsen Wilson shi ne George Ellery Hale, mutumin da ya haɗa abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba, wato zurfin ilimi da iya shawo kan attajirai su buɗe baki. Tun kafin nan shi ya gina cibiyar Yerkes a jihar Wiskonsin a 1897, mai gilashi mai faɗin inci 40, kuma a can ya fahimci cewa hanyar gilashin da haske ke ratsawa ta zo ƙarshe. Irin wannan gilashi a gefe kawai ake iya riƙe shi, don haka idan ya girma sai nauyinsa ya lanƙwasa shi, ga kaurinsa yana shanye haske, ga shi yana warwatsa launuka. Madubi kuwa, irin wanda Isaac Newton ya fara amfani da shi a 1668, ana iya tallafe shi ta baya gaba ɗaya, kuma fuska ɗaya tak ake gogewa. A 1904 Hale ya sami kuɗi daga Gidauniyar Carnegie ta Washinton, ya fara aiki a Dutsen Wilson. A lokacin babu hanyar kirki, sai wata siririyar turba, kuma a bayan alfadarai da jakuna aka hau da katako da ƙarfe da abinci, har sai da aka faɗaɗa hanyar domin manyan kaya.

Da rana aka fara, domin Hale masanin rana ne. Na'urar farko, wadda ake kira Snow, a kwance take a kusa da ƙasa, sai aka ga zafin ƙasa da rana yana ɓata hoton. Maganin da suka samo shi ne su ɗaga madubai a kan hasumiya, su turo hasken ƙasa ta cikinta zuwa wani rami mai sanyi inda aka ajiye na'urar rarrabe launukan haske. Suka gina hasumiya mai ƙafa 60 a 1908, sannan mai ƙafa 150 a 1912. Da ta farkon ce Hale ya gano, a 1908 ɗin, cewa baƙaƙen tabon da ke fuskar rana wurare ne masu ƙarfin maganaɗisu ƙwarai, ta hanyar ganin layukan haskensu sun rabu kamar yadda Pieter Zeeman ya nuna a ɗakin gwaji. Wannan ne karo na farko da aka auna maganaɗisu a wajen duniyarmu.

Madubin dare na farko mai faɗin inci 60 ne, wato mita ɗaya da rabi. Kamfanin Saint-Gobain na Faransa ne ya zuba gilashin, mahaifin Hale ne ya saya masa shi kyauta tun 1896, George Ritchey kuma ya goge shi. Ya fara aiki a watan Disamba na 1908, kuma a lokacin babu na'ura mai aiki da ta kai shi girma. Da shi Harlow Shapley ya auna nisan dunƙulallun tarin taurari da ke kewaye da galaksinmu, wato wannan babban birnin taurari da ranarmu take ciki, wanda kake ganin gefensa kamar farin ƙyalle ya ratsa sama a dare mai duhu. Ya ga tarin sun fi yawa a ɓangare ɗaya na sama, sai ya yanke hukunci, wajen 1918, cewa tsakiyar birnin tana can, mu kuwa a bayan gari muke. Ya zarce a lissafin nisan, domin bai san ƙurar da ke tsakanin taurari tana dushe haske ba. A yau an san nisanmu da tsakiyar ya kai tafiyar haske ta shekara 26,000, amma asalin maganarsa ta tabbata.

Tun wancan bai fara aiki ba Hale ya riga ya nemi wanda ya fi shi. Wani ɗan kasuwa na Los Anjalas mai suna John Hooker ya ba da dala 45,000 domin madubi mai inci 100, wato mita 2.5, shi ya sa ake kiran na'urar da sunansa, ko da yake ya rasu a 1911 bai ga aikinta ba. Da gilashin ya iso daga Faransa a 1908 sai aka tarar cikinsa cike da kumfa, aka ajiye shi gefe a matsayin ɓatacce. Aka sake zuba wasu, ba su yi ba, dole aka dawo kan na farkon, aka gwada aka ga kumfar ba ta kai fuskar da za a goge ba. Gogewar ta ci kimanin shekara biyar. Nauyin madubin kaɗai ya kai tan 4, dukan abin da ke juyawa kuma ya doshi tan 100, amma an ɗora shi yana yawo a kan zaiba, ta yadda ɗan ƙaramin ƙarfi yake motsa shi, kuma wani agogo mai aiki da nauyi mai saukowa a hankali ne yake juya shi ya bi taurari yayin da duniya take juyawa. Yana da aibi ɗaya da aka amince da shi tun farko: saboda yadda aka rataye shi, ba ya iya kallon taurarin da ke dab da tauraron arewa.

Ka nuna wa ɗalibanka dalilin wannan wahala da lissafi, domin yana cikin abin da suka iya. Yawan hasken da madubi yake tarawa yana bin faɗin fuskarsa ne gaba ɗaya, don haka inci 100 ya ninka inci 60 kusan sau uku. Ƙwayar idon mutum a cikin duhu ba ta wuce milimita 7 ba, madubin Hooker kuwa milimita 2,540 ne, saboda haka yana tara hasken da ya ninka na ido fiye da sau 100,000. Sannan ba da ido ake aikin ba, da farantin gilashi na ɗaukar hoto ne, wanda yake ci gaba da tara haske awa bayan awa.

Daren farko, a farkon Nuwamba na 1917, ya kusa zama daren baƙin ciki. Suka juya na'urar ga Mushtari, wato duniyar Jupita, sai suka ga hotuna da yawa sun hau kan juna. Ashe ma'aikata sun bar ƙubbar da ke rufe na'urar a buɗe da rana, zafi ya taɓa madubin ya canza masa siffa. Suka tafi suka jira, suka dawo wajen asuba bayan ya huce, suka duba wani tauraro mai haske, suka gan shi ɗigo guda tsaf.

Yanzu mu zo kan tambayar ɗalibarka. A wancan zamani ana jayayya a kan wasu abubuwa masu kama da hazo-hazo da ake gani a sama, irin na Andromeda, wanda masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ƙaramin gajimare tun wajen shekarar 964. Wasu suna cewa gajimare ne a cikin galaksinmu, wasu suna cewa wasu birane ne na taurari masu zaman kansu. A Afrilu na 1920 Shapley da Heber Curtis na cibiyar Lick sun yi muƙabala a kan haka a Washinton, aka tashi ba a yanke ba, domin babu wanda ya san nisan abubuwan. Mabuɗin yana hannun wata mata mai suna Henrietta Leavitt ta cibiyar Harvard, wadda ta nuna a 1912 cewa akwai wani nau'in taurari masu ƙaruwa da raguwar haske a kan ƙa'ida, kuma gwargwadon tsawon lokacin da tauraro yake ɗauka ya kammala zagayen, gwargwadon ainihin ƙarfin haskensa. Idan ka san ƙarfin fitila, ka kuma ga yadda ta dushe daga inda kake tsaye, ka san nisanta. Edwin Hubble ya zo Dutsen Wilson a 1919, kuma a farkon Oktoba na 1923 ya sami irin wannan tauraro a cikin Andromeda a farantin da ya ɗauka da madubin Hooker, mai zagayen kwana 31. Lissafinsa ya ba shi nisan tafiyar haske ta shekara 900,000, wanda ya fitar da Andromeda daga cikin galaksinmu ƙwata-ƙwata. Aka karanta sakamakon a taron masana ranar 1 ga Janairu, 1925, jayayya ta mutu.

Mataki na biyu shi ne gudu. Ka kai ɗalibanka da tunani tashar jirgin ƙasa ta Rigasa: ƙarar jirgi tana yin siriri idan yana tahowa, ta yi kauri idan ya wuce yana nisa. Haske ma haka yake, abin da ke nisantar mu launinsa yana karkata wajen ja. Adalci ne a faɗi cewa Vesto Slipher na cibiyar Lowell ne ya fara auna wannan karkata tun 1912, kuma Georges Lemaître, limamin coci ɗan ƙasar Beljiyam, ya riga ya fitar da faɗaɗar daga lissafin Einstein a 1927. Abin da Dutsen Wilson ya kawo shi ne ma'aunin nisa. A 1929 Hubble ya jera galaksi 24 da ya san nisansu, ya nuna cewa wanda ya fi nisa ya fi gudu, kuma a 1931 shi da Milton Humason suka kai awon nesa ƙwarai, dangantakar ba ta karye ba. A wannan shekarar Einstein da kansa ya hau dutsen ya ga na'urar.

Ina so ka tsaya a kan Humason idan kana ba da labarin, saboda yaran da suke ganin kamar ilimi na wasu ne. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya zama mai kora alfadaran da suke hawa da kayan ginin cibiyar, daga baya aka ɗauke shi mai shara da gadi a 1917, sannan mataimakin dare, har ya zama wanda babu kamarsa wajen ɗaukar hasken galaksi masu dushewa. Aikin da kansa azaba ne. Mutum zai zauna a cikin ƙubba a buɗe cikin sanyin da ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba, ba a hura wuta domin ɗumi yana yamutsa iska, idonsa a kan tauraro guda yana gyara saitin na'ura, wani lokaci faranti ɗaya sai ya ci dare da yawa a jere. Ka kuma gaya wa ɗalibar taka gaskiya cewa shekaru da yawa ba a barin mata su yi aiki da waɗannan madubai, har Margaret Burbidge sai da ta shiga da sunan mijinta a shekarun 1950.

Akwai ayyuka biyu na Albert Michelson da za su yi maka amfani a aji. A Disamba na 1920 shi da Francis Pease suka ɗora wani ƙarfe mai ƙafa 20 a bakin na'urar Hooker, da ƙananan madubai a kansa, suka haɗa haske daga gefe biyu, suka auna faɗin tauraron Betelgeuse, jan tauraron nan da kake gani a saman kai da daren Janairu. Wannan ne karo na farko da aka auna faɗin wani tauraro ban da rana, kuma ya nuna cewa da za a ajiye shi a gurbin rana, da ya haɗiye hanyar da duniyarmu take bi. Sannan a tsakiyar shekarun 1920 ya harba haske daga Dutsen Wilson zuwa wani dutse mai nisan kilomita 35 ya dawo, ta amfani da madubi mai juyawa, ya sami gudun haske kilomita 299,796 a daƙiƙa. Adadin da ke littafinka shi ne 299,792.

Birnin da ke ƙasa shi ne ya ci wurin. Fitilun Los Anjalas suka yi ta yawa har sama ta daina yin duhu. Dama ta ƙarshe ta zo ne a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka rage fitilun birnin don tsoron hari. Walter Baade, Bajamushe ne da aka hana shi aikin yaƙi aka taƙaita masa zirga-zirga, sai ya sami na'urar kusan shi kaɗai da sama mai duhu, ya rarrabe taurarin tsakiyar Andromeda ɗaya-ɗaya, ya nuna a 1944 cewa taurari zuri'a biyu ne, tsofaffi da sababbi. Daga wannan ne, tare da taimakon sabon madubi mai inci 200 na Dutsen Palomar da aka buɗe a 1948, ya gano a 1952 cewa awon Hubble bai wuce kusan rabin ainihin nisan ba. Yau ana lissafin nisan Andromeda tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. A tsakiyar shekarun 1980 Gidauniyar Carnegie ta rufe na'urar Hooker ta mayar da hankalinta ga Las Campanas a ƙasar Cile, wata ƙungiya mai zaman kanta ta karɓi wurin, kuma yanzu jama'a suna biya su kwana suna kallo da ido ta manyan maduban biyu.

Amma iskar ba ta canza ba, kuma hasken birni ba ya damun mai auna taurari masu haske. Shi ya sa Jami'ar Jihar Jojiya ta kafa CHARA a can, na'urori 6 masu madubin mita ɗaya-ɗaya, a warwatse a kan dutsen, mafi nisan tsakaninsu mita 330, ana turo haskensu ta bututun da aka zuƙe wa iska a haɗa shi wuri guda. Dabarar Michelson ce ta 1920 aka faɗaɗa, kuma da ita aka ɗauki hoton fuskar tauraron Altair a 2007, aka ga ya baje a tsakiya saboda saurin juyawarsa. Gobarar daji ta zo dab da gine-ginen a 2009 da 2020, sun tsira.

Saura Kagoro. Tsawo ba shi ne babbar matsalarmu ba, domin duwatsun Shere da ke kusa da Jos sun kai tsawon Dutsen Wilson, Chappal Waddi a Taraba kuma ya kai mita 2,419. Muna ma da wata falala, domin Kaduna tana kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, digiri 10 da rabi a arewacinsa, don haka muna ganin saman arewa duka da mafi yawan na kudu. Matsalar ita ce yawan darare masu tsabta. Daga Mayu zuwa Oktoba hadari ne da gajimare, kuma duwatsun kudancin Kaduna da na Filato da Mambila sun fi filayen da ke kewaye da su samun ruwa. Da damina ta ɗauke kuma sai hunturu ya kawo ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma wannan hazo yana tashi sama da kan duwatsunmu, ba kamar hazon Los Anjalas da yake kwanciya a ƙasa ba. Ƙurar tana dushe haske, tana kuma kwanciya a kan madubi. Saboda irin wannan lissafi ne manyan na'urorin zamani suka taru a Mauna Kea na Hawai mai tsawon mita 4,200, da hamadar Atakama ta Cile, a Afirka kuma da Sutherland ta Afirka ta Kudu, inda na'urar SALT mai gutsattsarin madubai 91 ta fara aiki a 2005. Ra'ayina shi ne babbar cibiyar bincike ba za ta biya kuɗinta a Kagoro ba, amma ƙaramar cibiyar koyarwa za ta yi, kamar yadda Habasha ta kafa tata a Dutsen Entoto da na'urori biyu masu madubin mita ɗaya.

Kai kuma ba ka buƙatar jiran wannan. Mafi kyawun lokacinmu shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama kuma hazo bai sauko ba. Ka zaɓi daren da babu farin wata, ka fita da ɗalibai inda fitilun gari ba su kai ba kuma hankalin iyaye zai kwanta, ku ba idanunku minti 20 su saba da duhu. Bayan sallar isha'i Kaza da 'Ya'yanta za su fito ta gabas, Andromeda kuma tana sama sosai ta wajen arewa, kamar ɗan tabon hayaƙi. Ido yana iya kama ta idan aka kalli ɗan gefenta kaɗan, ƙaramar na'urar hangen nesa ta hannu kuwa za ta fito da ita sarai, doguwa kamar ƙwayar shinkafa.